Ƙwaron Baba da Tokar Kaka

Injin jirgin ya yi tari sau biyu ya mutu, muka tsaya cak a tsakiyar ruwa tsakanin Ikorodu da cikin Legas, ni kuma ƙarfe takwas ya kamata a ce ina wurin aiki. Direban ya koma baya, ya zura hannu a ruwa har kafaɗa, ya fara zaro ciyawar da ta naɗe farfela yana jefowa cikin jirgi yana ta masifa da Yarbanci. Duk inda ka duba kore ne shar, kamar ka sauka ka taka. Haka take mana duk shekara in damina ta zo ƙarshe. Guda ɗaya ta faɗo kan takalmina, a jiƙe, da furenta mai shuɗi-shuɗi. Kafin in san me nake yi na ɗauka ina juya ganyen, ina neman 'yan tabon nan ƙanana kamar an kankare da farce. Matar da ke kusa da ni ta ja jakarta jikinta, tana min kallon wadda ta taɓu.

Ba ta san ƙwaron Baba nake nema ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Jega da Aliero. A bayan gari akwai tafki, Tafkin Gawo muke ce masa saboda wani tsohon gawo da ke bakinsa. In gulbi ya cika da damina sai ya tumbatso ya cika shi, shi kuma ya riƙe ruwan har bazara. Duk albasar garinmu da ruwan nan ake yin ta. Gero da dawa na ci ne. Albasa kuwa ita ce sutura, ita ce magani, ita ce cikon rumbu in hatsi ya gaza.

Muna da kainuwarmu tun asali, 'yar ƙarama mai kama da latas, tana zamanta a gefe ba ta damun kowa. Wannan daban ce. Wata ambaliya ce ta kawo ta ina 'yar shekara takwas: doguwa, ganye na sheƙi kamar an shafa masa mai, kara a kumbure, ga fure. Mu 'yan mata har faɗa muke yi a kan furen nan mu soka a kitso. Ba wanda ya san sunanta, sai aka ce Baƙuwa.

Damina biyu kawai, Baƙuwa ta zama mai gida. Ta rufe tafkin ruf, ba ka ganin ruwa sai ka buɗa da sanda. Bado da muke tsinka mu ci ya ɓace. Kirinjijiya, agwagin dajin nan, suka daina sauka. Masunta masu jefa birgi suka rataye shi, don ba inda zai faɗa. Shanun Fulani in sun zo sai an sare musu hanya. Sauro kuwa ba a magana. Abin da ya fi tada hankalin manya shi ne ruwan da take sha. Baba ya kafa sanda a bakin tafki yana yi mata tsaga, duk sati sai ka ga ruwa ya sauka fiye da yadda aka saba. Tiyon injin ban ruwa kuma ba ya rabin awa bai toshe ba.

An yi gayya ba sau ɗaya ba. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da manjagara, a ɗaura igiya a janyo ta tuli-tuli, mata su kai fura. A fito jiki duk ƙaiƙayi, ana cire matsattsaku a ƙafa. Bayan sati biyu ka je ka rantse ba a taɓa ta ba.

Mutum ɗaya ce a garin take wa Baƙuwa fatan alheri: Kaka, mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa min, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, Ummi yake ce min, ita kuma ta ce Takwara. Kaka ta gano cewa in aka shanya Baƙuwa ta bushe aka ƙone, tokarta ta fi ta karan dawa kaifi nesa ba kusa ba. Sai ta tsiyaye ruwan tokar a wata tukunya mai huji, a sa a miyar kuka da dahuwar wake maimakon kanwa, sauran ta dafa sabulun salo a kai mata kasuwar Jega. Maza na tsine wa ciyawa, ita tana bin bayansu da kwando.

"Kainuwa dashen Allah ta," in ji ta. "Ku da ba ku dasa ta ba, ku za ku tuge ta?"

Farkon wata damina wani malamin gona ya zo daga Jega a kan babur, da bokiti ɗaure a baya. Aka taru a gindin gawo. Ni na kai wa Baba fura, sai na laɓe a bayansa ban tafi ba.

"Malam, mi ag ga bokitin ga?" in ji Baffa Sani, ƙanen Baba, wanda bakinsa ba ya gajiya.

"Maganin Baƙuwa na."

Ya buɗe. Baƙuwa ce a ciki, tushe kamar goma.

"Lalle! Ka ɗauko muna Baƙuwa tun daga Jega ta zaka ta yi maganin 'yar uwatta?"

Aka fashe da dariya. Malamin bai damu ba, ya buɗa gindin ganye ya kaɗo wani ɗan ƙwaro a tafin hannunsa, toka-toka, mai dogon baki, irin na cikin wake amma ya fi shi girma. Ya ce wannan ba ya cin komai a duniya sai ita. Uban ya kankare ganye, 'ya'yan kuma tsutsotsi ne, suna cikin karan suna huda shi, ruwa ya shiga, ta ruɓe ta nutse. Ya maimaita sau biyu: 'ya'yan suna cikin kara. Na ji da kunnena.

Baffa Sani ya ce, "Bara waccan fara ta cinye muna gero muna kallo. Ita ko mun rama, mun soya ta mun ci da yaji. Wanga in ya gama da ciyawa yah hau albasa, da mi za mu rama?"

Wannan karon ba a yi dariya ba, don tambayar kowa ce. Mutumin da albasa ce rayuwarsa, in ya ga ƙwaro abu ɗaya ya sani: famfon feshi.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ce wa malamin, "Ba ni guda goma." Ya zuba su a kwanon sha, ya sa musu lawashin albasa ɗanye da ganyen gero da na wake, ya rufe da tsumman gidan sauro, ya ajiye a zaure inda duk mai wucewa zai leƙa. Ni ce mai canja ganye kullum da safe. Sati biyu cur ba su taɓa ko ɗaya ba. Uku ma suka mutu. Ranar da Baba ya sa musu ganyen Baƙuwa guda, da gari ya waye duk sun zane shi.

Baffa Sani ya leƙa ya ce, "Yaya, ƙwarinka sun riga mu ɗaukar azumi. Wallahi sun hi ni tsoron Allah."

A kan wannan kwanon Baba ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce a sa su a tafki, in sun taɓa albasar wani shi za a kama. Aka yarda, ba da daɗin rai ba. Ya kewaye wani lungu kusa da gawo da kara da igiya, faɗinsa kamar ɗaki huɗu, aka zuba na bokitin a ciki. Ya kafa doka: ba a janye ciyawar cikin lungun, ba a feshi kusa, kuma ba a wanke famfon feshi a tafki. Ta ƙarshen nan ita ta ja masa baƙin jini, don tun da aka san feshi a nan ake wankewa, yanzu sai mutum ya ɗebi ruwa ya tafi can bayan gonaki. Daga nan aka fara ce masa Ummaru Mai Ƙwaro.

Daminar nan ta zo a makare ta tafi da wuri. Gero ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso har ka ji ƙamshin ƙasa, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ba ko ɗigo. In ka murza zangarniya a hannu rabinta ƙaiƙayi ne. Da aka gama yanka, rumbunmu bai kai inda Inna, mahaifiyata, take sa tsani ba, da hannu take ɗebowa. Kowa ya san lissafin ba sai an faɗa ba: in albasa ba ta yi ba, ba za mu ga wata damina da abinci ba. Albasa kuma ba ta yi sai tafki ya kai ta har ta yi kai.

Azumi ya kama a kaka, daidai lokacin dashe. Ga zafin nan na bayan ɗaukewar ruwa, mai danshi, wanda gumi ba ya bushewa. Bayan asuba Baba ya tafi fadama ya ja fangali, wato gadajen dashen albasa. Mu yara mu bi shi da kwandon iri, a tsuguna ana soka 'yan tsiron nan ɗaya bayan ɗaya har bayanka ya ƙage. Kafin azahar leɓe ya tsattsage, ga ruwa yana gudu a kwari ta tsakanin ƙafafunka ba halin sha. Shekarar ce na fara kai azumi har yamma. Shan ruwa kunu ne tsararo da kwaɗon rama, tuwo sai na sahur, shi ma Inna ta rage malmala.

Abu ɗaya ke sa Baba murmushi: lungunsa. Baƙuwar ciki ta daina fure, ta gajarce, ganyen ya yi ja-ja ya yamutse. Kullum sai ya tsuguna ya juya ganye ya nuna min tabo. Amma lungun ne kawai. Sauran tafkin kore shar.

"Wata biyat, tabarma guda sunka ci," in ji Baffa Sani. "Jikokinmu su ga ruwa, in Allah ya so."

Wata Juma'a, saura kwana goma Salla, maza suka tafi Jega tun hantsi, masallaci da sayen man inji. Fadama ba kowa. Kaka ta ɗauko kwando biyu da sandarta mai ƙugiya.

"Takwara, taso mu tahi aiki."

Da na ga ta nufi igiya na ce, "Kaka, nan wurin Baba na."

"Na san wurin Ummaru na, ni na haihe shi. Duba ki gani, wagga ba ta mutu ba? Ƙwarin sun gama da ita. In anka ci tuwo ba a ɗauke kwano? Mu kwashe mu ba su wuri, sabuwa ta shigo su ci. Taimakonshi za mu yi."

Ta ƙara da cewa ɗanyar Baƙuwa sai ta yi sati ba ta bushe ba, wannan kuwa kwana biyu ta isa wuta. In ta dafa sabulu kafin kasuwa, ni da takalmin Salla, mai ɗan tudu irin wanda na gani a ƙafar 'yar liman.

Zan faɗi gaskiya. Na tuna abin da malamin gona ya ce. Ya zo min har bakina. Sai na tuna takalmin, na haɗiye.

Sawu bakwai muka yi. Kafin la'asar lungun ya zama ruwa fes, muka baza ciyawar a bayan ɗakin Kaka inda ta saba shanya, ba wanda zai kalla sau biyu.

Asabar da safe Baba ya je tafki ya dawo fuskarsa ta canja. Ya ɗauka wani ne ya yi masa da gangan. Ya je ya sami Baffa Sani a gonarsa, aka ji su har bakin hanya, abin da ba a taɓa ji ba.

"Yaya, ni? Da azumi ga bakina? In na taɓa ciyawakka kar Allah shi nuna man Salla!"

Ina tsaye da kwandon iri ina jin su. Da a safiyar nan na buɗe baki, da an kwashe an mayar ruwa, da yawancinsu sun rayu. Tsoro ya hana ni. Kaka kuwa ba ta fita, kunnenta ma ya yi nauyi, ba wanda ya kai mata labari. Rana ta yi kwana biyu tana dukan shanyar nan ina kallo.

Litinin da la'asar ta kunna wuta. Baba ya shigo gida ya ga hayaƙi, ya zagaya don ya gaishe ta kamar kullum. Ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki wani kara a bakin wutar, ya duba ganyen, ya tsaga shi da farce. Ga 'yar tsutsa fara a ciki, ta dahu.

Kaka ta ɗago tana murna. "Ummaru, ka ga na share muku wurin? Ni da Takwara, sawu bakwai."

Wuta na ƙara, kaji na tono, Baba na tsaye da kara a hannu. Sai ya durƙusa yadda ya saba.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce wa Kaka, don haka yake kiran ta.

"Yawwa."

"Da saura?"

Ta nuna masa kwando ɗaya a inuwar rumbu, wanda wuri bai ishe shi ba, ta yafa masa tsumma. Na ƙasan yana da danshi. Baba ya zaro kara ya tsaga a gabanta. Tsutsar ciki ta motsa. Ya matso kusa da kunnenta ya yi mata bayani a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Kaka ta dubi wutar, ta dubi hannunta.

"Innalillahi. Ummaru, ɗiyansu na ƙone?"

"Ƙaddara ta, Inna."

Ya juyo gare ni. "Ummi, ke kina nan randa malamin yay yi magana." Ba tambaya ba ce. Na fashe da kuka ina jiran mari, wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Bai ɗaga hannu ba. Mutum ne da aka ƙone masa aikin wata biyar da mutuncinsa a gari, ya duba ya rasa wadda zai yi wa tsawa: ɗaya ta haife shi, ɗaya tana ɗauke da sunan wadda ta haife shi.

Ya ce, "Zancen ga ya tsaya nan. Ko Innarki kar ta jiya."

Bayan shan ruwa ya je ya ba Baffa Sani haƙuri a gaban mutane. Da aka tambaye shi to ina ƙwarin, ya ce, "Sun tahi. Allah bai nuhwa ba." Mutane suka ƙarasa da kansu: ciyawar ta ruɓe ta nutse da su, ƙwaron gwamnati ya mutu, Mai Ƙwaro ya sa an sha wahalar banza. Malamin gonan kuma aka yi masa canjin wurin aiki, bai sake zuwa ba.

Kwandon nan Kaka ta hana kowa taɓawa. Ta sa na jawo mata tsofaffin randuna huɗu masu fasasshen baki, muka jera a bayan ɗakinta, ta zuba ruwa ta sa ciyawar a ciki. Duk bayan kwana uku in ɗebo musu ɗanyar Baƙuwa. Duk wanda ya gani ya ɗauka harkar toka ce. Ba a dafa sabulun ba, tokar ranar ta zubar da ita a juji. Da tsohon silifas na yi Salla, kuma ban buɗe baki ba.

Sai rani ya shigo da gaske. Sandar Baba ta fito fili gaba ɗaya, ruwa ya bar ta a kan busasshiyar ƙasa. Albasa ta fara kai ke nan tiyo ya fara jan laka. Aka ajiye injuna aka koma haƙa ramuka a cikin tafkin, a zauna a jira ruwa ya tsattsafo, a kwasa da gwangwani. Ni da Inna da Baba muka yi layi, daga rami zuwa fangali, tun safe har rana ta take. Laka ta tsage kamar bayan kunkuru, tana yanka ƙafa. Baƙuwa ta kwanta a kai ta bushe, tana wari.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da Baba ya zagaya gonar yana zaɓen fangalin da za a bari ya mutu. Ya tsaya a kan kowanne, ya daɗe, sai ya ja layi da ƙafa. Rabi ya bari. Kwana huɗu lawashin ya kwanta ya yi fari. Wanda aka ceta ɗin ma da aka cire, kawunan kamar ƙwan zabo.

A gida aka koma girki sau ɗaya. Tafasa, ganyen zogale, dusar da a da ta awaki ce. Da can in aka shiga irin wannan, tafki ake zuwa a tono saiwar bado a dafa, to bana Baƙuwa ta riga ta kore shi. Ƙanena Sadiku yana goye lokacin, ina jin yadda yake tsotsa ya saki ya yi kuka. In Baba ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga murya:

"Mai Ƙwaro, ina dakarun naka? Ko sun tahi cin rani?"

Ya ce, "Lahiya lau," ya wuce.

A wannan ranin, da ake auna ruwan rijiya da moɗa, randunan Kaka ba su taɓa bushewa ba, Baƙuwar ciki tana tohowa ƙwarin na ci. Ruwan wankanta take rabawa biyu. In na ce Kaka ki bari, ta ce, "Ni na kashe musu dangi. Ki bar ni in yi renon marayu."

Da ruwan farko ya sauka, tafki ya ɗauka, Baƙuwa ta tsiro daga cikin laka kamar ba a yi komai ba. Baba ya kira ni da tsakar rana, muka ɗebo daga randunan a kwando muka rufe da buhu. Muka zuba a kusurwa huɗu ta tafkin. Ba kara, ba igiya, ba sanarwa. Bayan wata biyu muka ƙara. Haka muka yi ta yi, Kaka na kiwo muna kaiwa.

Sai a shekara ta uku abin ya nuna. Tafkin gaba ɗaya ya yi ja-ja, fure ya ɗauke, ciyawar ta fara nutsewa da kanta. Kada ku ɗauka abin daɗi ne. Ruwan ya yi baƙi, wari har cikin gari, kifi ya taso ciki sama, shanu suka ƙi sha. Aka yi wata biyu a haka. Sai aka yi babbar cikar gulbi ta wanke ruɓaɓɓen, gari ya waye ga ruwa fili guda yana ƙyalli. Mutane suka ce ambaliya ta kawo ta, ambaliya ta tafi da ita. Baba ya ce alhamdu lillahi tare da kowa.

Bado ya dawo. Kirinjijiya suka dawo, tarwaɗa ma. Amma tafkin bai koma yadda yake ba. Abin da ya nutse ya zama laka, zurfin ya ragu, doguwar ciyawar nan kacalla ta samu wurin kafa ƙafa ta gefen yamma, har yau ana fama da ita. Kaka kuma sana'arta ta mutu. Ta koma tokar karan dawa tana mita wai ba ta da kaifi, sabulun ba ya kumfa. Da hannunta ta yi kiwon abin da ya cinye mata abin yi, kuma ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Ta rasu ina aji uku a sakandare.

Na sha juya abin a raina. Da ba mu ƙone ba, da an ci albasar shekarar? Ban yi tsammani ba, abin ba mai sauri ba ne. Watakila ma da ba mu ƙone ba da babu randuna, da tafkin ya ƙafe da su duka. Watakila kuma ina faɗin haka ne don in samu barci. Ban sani ba.

Yanzu a gindin gawo akwai sauran Baƙuwa, ba ta fi faɗin ɗaki ɗaya ba, gajera, ganye duk tabo, ba ta gaba ba ta baya. Baba ya tsufa, ya bar noma, amma kullum sai ya je ya zauna kusa da ita. Sadiku ne ke riƙe da gonar, shi da samarin da ke ban ruwa da sola, masu maganin ciyawa iri-iri a jarka. Sun yanke shawarar feshe ta ranar Asabar kafin a fara dashe, a huta. Shekaranjiya ya kira ni.

"Yaya Ummi, don Allah ki yi ma tsohon ga magana, ke yaka jin taki. Ya zauna shina gadin ciyawa, mutane na yi muna dariya. Wai ƙwari! Ƙwarin da kowa ya san sun mutu tun ina goye."

"Ya nuna maka ganyen?"

"Wane ganye na babu cizon ƙwaro cikin daji?"

Na kira Baba. Ya ce, "Ummi, in sunka kashe ta duka, mi ƙwarin za su ci? Su mutu. Gulbi ko bai bar kawo baƙi ba. Randa ta dawo, wa za ta iske?"

Na ce, "To Baba, bari in gaya mai yadda anka yi. Randunan, da kwandon, da komi. In ya jiya zai bari."

"A'a."

"Ai ita ta cece su, Baba. Abin yabo na."

"Ba a hwaɗin na biyu sai an hwaɗi na hwarko. Inna na kabari, ba ta iya ba da amsa. Ba a sa ta bakin majalisa ba ina da rai."

Na ce to ni sai in ce ni kaɗai na ƙone. Ya yi 'yar dariya ya ce yarinya 'yar shekara sha ɗaya ba ta sawu bakwai ita ɗaya, kuma duk garin sun san mai toka.

Ban faɗi sunan garinmu ba, sunayen da na sa ma na aro ne, Sadiku kuma ba ya karanta abin da ya wuce layi uku. Yau Alhamis. Da ku ne, za ku kira shi ku faɗa masa kafin Asabar, ko za ku bar wa Baba asirin da ya rufa wa uwarsa shekara ashirin, a feshe ciyawar?